Yadda Ake Karanta Bayanan Furosesar Waya Kafin A Saya

Wayoyi biyu za su iya zuwa da rubutu iri ɗaya a jikin kwali: Octa-core, 2.0GHz, RAM 8GB. Ka taɓa manhaja a ɗaya, nan take ta buɗe. Ka taɓa a ɗayar, sai ka yi jira. Bayan shekara guda ta farko tana nan garau, ta biyu kuwa ta fara nauyi, tana ɗaukar zafi, tana shan caji. Bambancin yana cikin furosesa, kuma ba kasafai ake rubuta shi da manyan baƙaƙe ba, domin mai talla lambobin da ke jan ido yake fitowa da su gaba. Abin da ke nuna ingancin waya shi ne sunan furosesar, da irin cibiyoyin lissafin da ke cikinta, da kamfanin da ya ƙera ta, da kuma yadda take jure zafi. Duk waɗannan ana iya bincika su ba tare da an kwance waya ba.

Abin da ake kira furosesa a waya ba abu ɗaya ba ne. Ɗan guntun silikon ne da bai wuce kimanin santimita guda ba a kowane gefe, amma an cusa masa sassa da dama: sashen lissafi da ake rubutawa CPU, sashen zane wato GPU, sashen gyara hoton kyamara, modem mai kama sabis, da mai kula da shige da ficen RAM, wato wurin da waya ke ajiye bayanan aikin da take kan yi. A17 Pro da Apple ya saka a iPhone 15 Pro a 2023 yana ɗauke da tiransista, wato ƙananan makunnan lantarki, biliyan 19. Saboda haka idan ka zaɓi furosesa, ka zaɓi saurin wayar, da kyan bidiyonta, da irin sabis ɗin da za ta kama, da tsawon lokacin da batir zai kai, duk a lokaci guda. Kuma ba a canza ta daga baya.

Mataki na 1: Samo cikakken sunanta

Idan wayar tana hannunka, shiga Settings, ka gangara zuwa About phone. Wasu kamfanoni suna rubuta sunan ƙarara. Wasu kuwa sai su ce Octa-core kawai su ja baki. Ni a wurina wannan shirun ma bayani ne, domin wanda ya saka furosesa mai kyau ba ya ɓoye sunanta.

In ba ka ga sunan ba, sauke ɗaya daga cikin manhajojin da ke karanta cikin waya, kamar CPU-Z ko AIDA64 ko Device Info HW. Wani lokaci lambar masana'anta za su nuna maka maimakon sunan kasuwa. Duk lambar furosesar da ta fara da SM ta Qualcomm ce, wadda ta fara da MT kuma ta MediaTek. SM8550 ita ce Snapdragon 8 Gen 2, SM6225 ita ce Snapdragon 680, MT6789 kuwa Helio G99. Ka kwafi lambar ka nema a intanet, sunan zai fito. Idan kana zargin wayar jabu ce, kada ka tsaya a manhaja ɗaya, domin ana iya shirya waya ta riƙa faɗin sunan da ba nata ba. Ka duba sunan GPU: in wayar ta ce ita Snapdragon ce amma sashen zanenta Mali ne ko PowerVR, to akwai lauje cikin naɗi, domin Snapdragon da Adreno take tafiya.

Idan kuma ba ka kai ga riƙe wayar ba, ka nemi cikakkiyar lambar samfurin, ba sunan kawai ba. Sau da yawa waya ɗaya takan fito kashi biyu, mai 4G da mai 5G, suna kusan ɗaya, furosesa daban. Samsung ma ya daɗe yana sayar da wasu daga cikin Galaxy S da Exynos a wasu ƙasashe, da Snapdragon a wasu.

Mataki na 2: Gane gidan da ta fito da ajinta

Masu zana furosesar waya ba su da yawa. Akwai Qualcomm na Amurka mai Snapdragon, da MediaTek na Taiwan mai Helio da Dimensity, da Samsung mai Exynos, da Unisoc na Sin da ake yawan samu a wayoyi masu sauƙin kuɗi, da HiSilicon na Huawei mai Kirin, da Google da ya fara Tensor a Pixel 6 a 2021, sai Apple mai jerin A.

A Snapdragon lambar farko ita ce aji: 4 na ƙasa, 6 matsakaici, 7 sama da matsakaici, 8 kuma na ƙoli. Tun ƙarshen 2021 suka sauya salon suna zuwa irin su 8 Gen 1 da 7 Gen 1, inda lambar ƙarshe ke nuna zamani. A MediaTek kuwa, Helio G na 4G ne, Dimensity na 5G, kuma ana hawa daga jerin 6000 zuwa 7000, 8000, har 9000.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Na farko, ba a gwada lambar gida ɗaya da ta wani gidan. Na biyu, sabon suna ba ya nufin sabon aiki. Snapdragon 685 a zahiri 680 ce aka ƙara wa manyan cibiyoyinta gudu daga 2.4GHz zuwa 2.8GHz. Haka kuma furosesar ƙoli ta shekara biyu ko uku da suka wuce takan fi sabuwar matsakaiciya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mataki na 3: Duba irin cibiyoyin, ba yawansu ba

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan ne aka fi ruɗar mutane.

Octa-core na nufin cibiyoyin lissafi takwas. Kusan kowace wayar Android a yau tana da takwas, daga mafi araha har mafi tsada, don haka wannan kalma ba ta gaya maka komai. iPhone ma cibiyoyi shida take da su, manya biyu da ƙanana huɗu, amma tana cikin waɗanda suka fi kowa sauri. Tambayar da za ka yi ita ce: su wane ne takwas ɗin?

Yawancin cibiyoyin nan kamfanin Arm ne da ke Kambirij a Ingila yake zana su, sauran kamfanoni su sayi lasisi su haɗa yadda suke so. Tun 2011 Arm ya fito da tsarin da ya kira big.LITTLE, wato a haɗa manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tattalin wuta. Idan kana sauraron karatu ko waya tana aljihu, ƙananan ne ke aiki. Da ka buɗe manhaja ko shafi mai nauyi, sai manyan su tashi su gama da sauri su koma su kwanta.

Ga yadda za ka bambanta su. In ban da tsohuwar A57, sunan da ya fara da Cortex-A5 ƙarama ce: A53, A55, A510, A520. Wanda ya fara da Cortex-A7 da ƙarin lamba a bayansa babba ce: A73, A75, A76, A77, A78, A710, A715, A720. Wanda ya fara da Cortex-X kuwa ita ce uwar tafiya, X1 zuwa X4 da abin da ya biyo baya, kuma akasari a wayoyin ƙoli ake samunta. Bambancin ba na gudu kawai ba ne, na dabarar aiki ne. Ƙaramar cibiya tana bin umarni a jere. Idan umarni ɗaya ya tsaya jiran bayani daga RAM, na bayansa ma sai su jira. Babbar cibiya kuwa tana leƙa gaba, ta ɗauko wanda ya riga ya shirya ta yi shi, kafin wancan ya iso. Shi ya sa ko gudunsu ɗaya ne a takarda, babbar takan gama aikin da ya fi na ƙaramar yawa ƙwarai.

Ka ɗauka kaya ne za a sauke daga mota. Wani ya kawo yara takwas, wani ya kawo ƙarti biyu da yara shida. Dukansu za su ce maka mutum takwas suka kawo, amma idan aka zo kan buhu mai nauyi za ka gane ba ɗaya ba ne. Kuma yawancin ayyukan yau da kullum a waya, kamar buɗe manhaja da loda shafi, sun fi dogara ga ƙarfin cibiya ɗaya ko biyu, ba a iya raba su takwas.

Misali a zahiri: Helio G35 tana da A53 guda takwas masu kaiwa 2.3GHz, babu babba ko ɗaya. Helio G85 tana da A75 biyu a 2.0GHz da A55 shida a 1.8GHz. Wanda ke bin lamba zai ɗauki G35 saboda 2.3 ya fi 2.0, alhali G85 ta fi ta sauri a kusan komai. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: furosesar da duk cibiyoyinta A53 ne ko A55, a bar ta, sai dai idan kira da saƙo kawai za a yi da wayar. An sanar da A53 tun 2012, ta yi zamaninta.

Shekarar cibiya ma tana da amfani. A75 da A55 na 2017 ne, A76 ta 2018, A77 ta 2019, A78 da X1 na 2020, X4 da A720 na 2023. Don amfanin yau da kullum cikin kwanciyar hankali, ka nemi aƙalla A76 guda biyu. In ka samu A78, ya fi.

Qualcomm yakan lulluɓe sunan da Kryo, ya kira manyan Gold, ƙananan Silver. Kada ka tsaya a nan, ka bincika wace Cortex ce a ƙarƙashi. A Snapdragon 680, Gold ɗin A73 ne, Silver kuma A53. A Snapdragon 695 kuwa, A78 biyu ne da A55 shida. Lambobin sun yi kusa, amma tazarar da ke tsakanin A73 da A78 ba kaɗan ba ce.

A sama can, tsarin ya fara sauyawa. Dimensity 9300 ta 2023 ta watsar da ƙananan gaba ɗaya, ta zo da X4 huɗu da A720 huɗu. Snapdragon 8 Elite ta 2024 kuwa da cibiyoyin da Qualcomm ya zana da kansa ta zo, masu suna Oryon, biyu daga ciki suna kaiwa 4.32GHz.

Mataki na 4: Sai yanzu ka kalli GHz

GHz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa. Amfanin wannan lamba shi ne gwada cibiyoyi iri ɗaya: A78 a 2.6GHz ta fi A78 a 2.2GHz. Bayan haka ba ta da wata fa'ida. Ka kuma sani cewa lambar da aka rubuta ita ce ƙololuwa, ba gudun da wayar ke yi kullum ba, kuma ƙarin gudu kaɗan a can sama yana cin wuta mai yawa, domin sai an ƙara ƙarfin lantarki kafin a kai wurin.

Mataki na 5: Nanomita, da wanda ya ƙera

Za ka ga 12nm, 6nm, 4nm, 3nm, inda nm ke nufin nanomita, wani ɗan ƙanƙanin awon tsawo. A dunƙule, ƙaramar lamba na nufin sabon salon ƙira, tiransista sun fi matsuwa, wuta ta ragu, zafi ya ragu. Ga wanda batir ya dama, tsallakawa daga 12nm zuwa 6nm abu ne da zai gani da idonsa. Sai dai a yau wannan lamba ta zama sunan zamani ne kawai, ba awon wani sashe na tiransista ba, don haka 4nm na wani kamfani ba lallai ya yi daidai da 4nm na wani ba.

Qualcomm da MediaTek da Apple ba su da masana'antar ƙera furosesa. Zane suke yi su kai wa TSMC a Taiwan ko Samsung a Koriya ta Kudu. Abin da ya faru a 2022 ya isa darasi. Snapdragon 8 Gen 1 an ƙera ta da 4nm na Samsung, kuma an yi ta kukan zafi da shan batir. Bayan 'yan watanni aka kai kusan zane ɗaya wurin TSMC, shi ma 4nm, ta fito da sunan 8+ Gen 1. Gudunta ya ƙaru daga 3.0GHz zuwa 3.2GHz, amma duk da haka ta fi sanyi da tattalin wuta, har Qualcomm ya ce ingancin amfani da wuta ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Wanda zai sayi wayar da ta fito a wancan lokacin ya lura da wannan ƙaramar alamar +, domin tana da nauyi.

Mataki na 6: Sashen zane

Idan ba ka yin gem mai nauyi, duk GPU da ta zo tare da cibiyoyi masu kyau za ta ishe ka. Idan kuwa kana yi, ka tsaya a nan. Adreno ta Qualcomm ce, lambarta na hawa da ƙarfi a cikin zamani ɗaya: 610 ta ƙasa ce, 619 ta ɗara ta, 740 kuwa ta ajin ƙoli ce. Mali ta Arm ce, kuma a nan abin dubawa shi ne abin da ke bayan sunan. MC2 ko MP2 na nufin sassan zane biyu. Unisoc T606 da Helio G99 duka Mali-G57 suke da ita, amma ta farko sashe ɗaya, ta biyu sassa biyu. Ka kuma haɗa da allon wayar: allo mai 120Hz, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, a kan GPU mara ƙarfi ba zai ba ka santsin da aka yi maka alkawari ba a cikin gem.

Mataki na 7: RAM da ma'ajiya

Waɗannan ba a cikin furosesar suke ba, amma ita ce ke yanke irin wanda waya za ta iya ɗauka, kuma su ne hanyar da bayanai ke bi su iso gare ta. A RAM za ka ga LPDDR4X, LPDDR5 ko LPDDR5X, kowace ta fi ta bayanta sauri. Ka yi hattara da rubutu irin 8GB+8GB. Rabin na biyu ba RAM ba ne, wani yanki ne aka yanko daga ma'ajiya, kuma saurinsa bai ko kusa da na RAM na gaske ba. Lambar farko kaɗai za ka lissafa.

Ma'ajiya ita ce aka fi mantawa da ita, kuma tana cikin manyan dalilan da ke sa waya nauyi. Iri biyu ne: eMMC da UFS. eMMC 5.1 ba ta iya karatu da rubutu a lokaci guda, kuma iyakar hanyarta megabait 400 ne a daƙiƙa. UFS tana yin duka biyun tare, kuma UFS 4.0 tana haura megabait 4,000 a daƙiƙa wajen karatu. Idan kana zaɓi tsakanin waya mai eMMC da RAM mai yawa, da wata mai UFS 2.2 da RAM matsakaici, ni ta biyun zan ɗauka.

Mataki na 8: Sabis, kyamara da bidiyo

Modem ita ke nuna ko wayar za ta kama 5G. Amma ganin 5G a kwali bai wadatar ba, ka duba jerin zangunan da wayar ke kamawa, waɗanda ake rubutawa B3, B20, n78 da makamantansu, ka gwada da na kamfanin layinka.

A kyamara, yawan megafiksel ba shi ne ƙarshen magana ba, domin furosesa ce ke sarrafa abin da idon kyamara ya ɗauko. Akwai wayoyi masu kyamarar 108MP da ba sa ɗaukar bidiyon 4K, saboda furosesar ba ta iya ba. Snapdragon 680 da 695 duka a 1080p suka tsaya. Mai son ɗaukar bidiyo ya tabbatar da wannan tun kafin ya biya. Ga mai yawan kallo kuma, akwai tsarin matse bidiyo mai suna AV1 da YouTube da Netflix ke amfani da shi. Furosesar da ke da sashe na musamman don buɗe shi ta fi tattalin batir. Qualcomm ya fara saka shi a 8 Gen 2, Apple kuma a A17 Pro.

Sashen ƙirƙirarriyar basira, wanda ake rubutawa NPU, ya fara bayyana a 2017 a Kirin 970 da A11 Bionic. Yana taimakawa wajen gyaran hoto da gane murya, amma lambobin da kamfanoni ke bayarwa a kansa kowa da ma'auninsa, ba zan gina zaɓi a kansu ba.

Mataki na 9: Gwada ta da zafi

Duk abin da ya gabata takarda ce. Waya yawanci ba ta da fanka, jikinta ne kawai ke fitar da zafi. Idan furosesa ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Shi ya sa gem yakan fara da santsi, bayan minti 15 ya fara tsalle-tsalle. Wayoyi biyu masu furosesa ɗaya za su iya bambanta sosai a nan, gwargwadon yadda kowane kamfani ya tsara hanyar fitar da zafi.

Ka sauke manhajar gwaji ta Geekbench, ka rufe sauran manhajoji, ka cire caja, ka kashe yanayin tattalin batir, sannan ka gudanar da gwajin. Zai ba ka maki biyu, na cibiya ɗaya da na duka. Na cibiya ɗaya ya fi kusa da abin da za ka ji a hannunka kullum. Kada ka gwada makin Geekbench 5 da na Geekbench 6, ma'auninsu daban ne, haka ma tsakanin zubi daban-daban na AnTuTu, wata manhajar gwajin.

Daga nan sai gwajin juriya. A manhajar 3DMark akwai Wild Life Stress Test, wanda ke maimaita aiki ɗaya sau 20 cikin kimanin minti 20, a ƙarshe ya nuna maka maki mafi girma, da mafi ƙanƙanta, da kason dorewa. Mafi ƙanƙantar nan ita ce gaskiyar wayar idan aiki ya yi tsawo. Waya mai dorewar kashi 90 ta riƙe ƙarfinta, mai kashi 50 kuwa rabi ya tafi. An taɓa kama wasu kamfanoni suna sa wayoyinsu su saki duk ƙarfinsu da zarar sun gane manhajar gwaji ce aka buɗe, don haka ka ƙara da naka gwajin: ka ɗauki bidiyo na minti 10, ka taɓa bayan wayar kusa da kyamara, ka fita ka buɗe manhajoji uku ko huɗu a jere ka ga ko ta fara jan ƙafa.

Gwaji a aikace: Snapdragon 680 da Helio G99

Waɗannan biyun sun yi yawa a wayoyi matsakaita, don haka bari mu bi matakan a kansu. Duka 4G ne, duka 6nm ne na TSMC, a nan sun yi kunnen doki. A cibiyoyi, 680 tana da A73 huɗu a 2.4GHz da A53 huɗu. G99 tana da A76 biyu a 2.2GHz da A55 shida. A ido 680 ce ke gaba, manya huɗu da gudu mafi yawa, amma A76 ta fi A73 ƙarfi, ta kuma fi ta sabunta da zamani biyu, A55 ma ta fi A53, don haka G99 ce ke buɗe manhaja da sauri. A zane, Mali-G57 MC2 ta G99 ta fi Adreno 610. 680 kuwa an san ta da riƙe caji. Mai gem da mai yawan tsalle tsakanin manhajoji ya ɗauki G99, amma kafin ya biya ya leƙa layin ma'ajiya ya tabbatar UFS aka rubuta, domin kamfani yana iya haɗa furosesa mai kyau da ma'ajiya mai jinkiri don rage kuɗin ƙira.